Kawu Illo da Maganar Dila

"Dila? Dila za ku maido mana?"

Haka taro ya kaure da hayaniya jiya a ƙofar mai gari, da ma'aikacin gandun daji ya ce ana shawarar sakin diloli cikin dajin da ke bayan ƙauyenmu, kudu da Madarumfa. Har da ni a masu ɗaga murya. 'Yan awakin nan nawa su kaɗai gare ni.

Sai Kawu Illo, ƙanen mahaifiyata, ya buga sandarsa a ƙasa. Kowa ya juyo gare shi, don a da can babu wanda dila ya yi wa ɓarna kamar shi.

Ya dube ni. "Kai Sani, sau nawa ka shuka gyaɗa bana?"

Na ce, "Sau biyu, Kawu. Kurege da gafiya suka tone ta farko."

"To, lokacin da dila ke farautarsu, sau ɗaya muke shuka. Ya sha ɗauke mini ɗan akuya, ban musa ba, amma sai ranar da na yi ragwancin rufe garke da ƙaya. Ku yaran yanzu ko shingen ƙaya ba ku iya ba."

Ba a yanke magana ba tukuna. Amma yau da safe na je gidansa ya koya mini shingen, ga hannuwana duk ƙaya ta yage su.

Wallahi tsoron bai sake ni ba, sai dai na gaji da yi wa kurege noma. Ku fa, a garinku za ku yarda?