Batirin da Yaya Ya Kai Masallaci

Minti goma sha ɗaya batirin nan yake riƙe kwamfutata in an ɗauke wuta. Na sani ne don duk Asabar sai na zare filogi da hannuna, in zuba wa agogo ido, in rubuta da alli a bayan ƙofa. Matata har tsiya take min, wai ko mai ciki ba ta zuwa awo da irin wannan nacin.

Ina da dalilina. A cikin kwamfutar nan da ke falonmu a Dutse akwai muryar Baba. Daminar da ya zo jinya daga Ringim, na riƙa ajiye masa makirfo yana ba ni labarin gonakinmu da shekarar fara, yana tari yana dariya. Bai kai kaka ba ya rasu. Muryar ta fi ƙarfin filofi, ɗan faifan kwafe na lokacin, ba ni da inda zan kwafe ta. Kwamfutar kuma wuni take a kunne, don daga cikinta ɗaya kwamfutar da matata ke buga wa ɗalibai takardu take jawo aiki. Wutar Dutse kuwa sai ta zo ta koma sau biyar kafin azahar. In an ɗauke, akwatin batirin ya hau ƙara, ɗayanmu ya ruga ya kashe komai a tsanake.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, masallacin layinmu ya yi sabuwar lasifika, yayana kuma ɗan kwamiti ne. Aiki ya kai ni Jahun kwana huɗu, Asabar ta wuce ni. Da na dawo na ga 'yar fitilar akwatin kore shar, sai na yarda da ita ban zare filogi ba. Wannan laifina ne, har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Ranar Laraba da hantsi aka ɗauke wuta. Akwatin ko tari bai yi ba, kwamfuta ta mutu ɗif. Wutar ta dawo da ƙarfi, ta sake tafiya. Da na kunna sai ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta. Na kwance akwatin, na tarar da wani kumburarren batir an naɗe shi da jan salatif, ba nawa ba. Matata ta ce Yaya ya shigo da sukundireba ranar da na tafi, ya ce zai duba wani abu. Wa ya isa ya tambaye shi?

Na same shi a ƙofar masallaci yana shanya tabarmi.

"Yaya, kai ka ɗauki batirina?"

"Aro na yi. Namu ya gaji, na sa maka shi. Ba ga fitilar tana ci ba?"

"Baba yana cikin kwamfutar nan, Yaya."

"Baba yana inda ya fi nan, addu'a yake buƙata. Kai ma ai kana da lada, duk unguwa da batirinka ake jin kiran salla."

Da ya tambaye ni, wallahi da na saya musu sabo. Amma shi a wurinsa kayan ƙane na gida ne, ba a neman izini. Kuma a shekarar nan waye zai tsaya a ƙofar masallaci yana faɗa a kan lasifika, a ce ba ya son kiran salla? Na haɗiye fushina, na juya. Mai gyara a Kano ya kwana biyu a kan kwamfutar, ya ce faifan cikin ya mutu, in yi haƙuri. Kowa haƙuri.

Inna duk Juma'a take zuwa bayan an sauko. Ta shimfiɗa ɗankwalinta a gefen tebur, ta miƙe ƙafa, ta ce yadda ta saba, "To, kunna min malam ɗin, inda yake maganar rijiya."

Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru tukuna. Babu wuta a unguwar, amma ladan ya ɗauki kiran la'asar tar, har gilashin taga yana amsawa. Inna ta ɗaga min hannu.

"Bari a gama kiran tukuna," ta ce, "sai mu ji shi da kyau."