Ta Ara Mini Hijabi, Na Tona Mata Asiri

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe na sakandare a Bronx da ke Amurka, muna zaune a unguwar Soundview da iyayena, 'yan asalin Kano. Babana ma'aikacin ofis ne, mahaifiyata nas ce, ni kuma a idon duk wanda ya san gidanmu yarinya ce shiru-shiru mai durƙusawa ta gaida manya. Abu biyu ne ba su sani ba game da ni: ina da murya, kuma ina da baƙar zuciya. Idan aka fi ni a wani abu, ko abinci ba ya wuce mini a wuya. Shekara uku na yi a ƙungiyar waƙa da rawa ta makarantarmu, mu kusan talatin maza da mata, muna rera waƙa muna taka rawa a dandamali cikin riguna masu walƙiya iya gwiwa, har akwai wurin da namiji zai kama ƙugun mace ya ɗaga ta sama. A gida na ce ajin ƙarin lissafi nake tsayawa, ranakun Asabar na gasa kuma na ce muhawara muke zuwa. Nakan fita da doguwar riga da ɗankwali, in canza a banɗakin makaranta.

A duk makarantun da muke karawa da su, yarinya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. 'Yar Zango ce, iyayenta mutanen Kumasi ta Ghana, suna zaune a unguwar Park Hill, mahaifiyarta na da tebur a titi na 125 a unguwar Harlem inda take sayar da man kaɗe da turare da mayafai. Ita ce ke jan waƙa a ƙungiyarsu kamar yadda nake ja a tamu. Ranar da muka fara haɗuwa a layin shiga zaure na ji tana gunaguni da Hausa saboda takalmi ya matse ta, na juya, ta dube ni, nan take kowa ta gane 'yar'uwarta. Wani zai zata daga nan muka ƙulla ƙawance. Ina! Hausar ma sai ta zama makamin da muke sukar juna a gaban Turawa da baƙaƙen fata, muna murmushi suna zaton hira muke. Nakan ce mata ta koyi Hausa tukuna kafin ta zo tana buɗe mana baki. Ita kuma bakinta ba ya mutuwa, takan ce 'yar Kano ta rage girman kai ko numfashinta ya riƙa kai ta ƙarshen baiti. Amma akwai abu guda da ba mu taɓa furtawa ba, kowa ta san ɗaya a ɓoye take zuwa, kuma ko a tsakiyar zagi ba ma taɓa wurin.

Gasar nan tana da nata ladubban. Idan kun sauka daga dandamali, za ku je ku zauna a zaure ku kalli abokan karawarku, ku tafa musu, in sun yi abin burgewa ku miƙe tsaye. Malaminmu kullum cikin ja mana kunne yake cewa wanda bai iya tafa wa wani ba bai cancanci a tafa masa ba. Ni dai hannuna ne ke tafawa, cikina kuwa addu'a nake Allah ya sa ta zame.

A gasar kusa da ta ƙarshe, lokacin azahar ya yi muna makarantar da ta karɓi baƙuncinmu. Na lalubi jakata na ga na bar hijabina a mota, ga shi saura kaɗan a kira mu. Na je ƙarƙashin matakala inda babu mutane ina tunanin yadda zan yi salla da wannan 'yar rigar, sai na tarar da 'yar Zangon nan a wurin, ta shimfiɗa rigar sanyinta tana sallame salla. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta cire hijabinta mai ruwan toka ta miƙo mini, ta nuna mini alƙibla da haɓa. Ta ce in yi sauri kuma kada in shafa masa hoda. Na yi sallata a cikinsa, yana ƙamshin turaren teburin uwarta, na ninke na mayar mata. Ko na gode ban ce ba.

Da muka hau dandamali, a daidai wurin da zan ɗaga murya sama, muryar ta tsage. Daƙiƙa ɗaya ce, amma kowa ya ji. Muna saukowa su suna shirin hawa, muka yi kiciɓis a bayan labule, ta raɗa mini cewa in riƙa shan citta da zuma da safe, tana magana tana danne dariya. Har yau ban sani ba ko shawara ce ko ba'a, wataƙila duka biyun ne. Ni dai na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Maimakon in bi 'yan ƙungiyarmu zuwa zaure, sai na laɓe a nan gefen labule, na ciro wayata na ɗauke ta tun daga farko har inda wani dogon yaro ya ɗaga ta sama rigarta na walƙiya. Ta yi waƙa ranar, ba zan yi mata ƙarya ba. Ita aka ba kofin gwanar murya, na miƙe tsaye tare da kowa ina tafi.

Matanmu na nan suna da gurup a waya inda ake sanar da suna da biki da rasuwa, 'yan Najeriya da 'yan Ghana da 'yan Nijar duk a ciki. Ban tura bidiyon can da kaina ba, na fi haka wayo. Akwai wata mai kitso da muke kira gwaggo, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Washegari na je gaishe ta, na sunkuyar da kai na nuna mata, na ce wata 'yar ajinmu ce ta turo mini, abin ya dame ni, ko za a samu mai yi wa yarinyar nasiha a asirce. Ta yi ta salati tana sa mini albarka, ta ce in tura mata. Lissafina ɗan ƙarami ne: uwarta ta yi mata faɗa, a karɓe wayarta, a hana ta zuwa gasar ƙarshe, shi ke nan in samu fili. Na san sarai abin da nake yi, kada wani ya ce yarinta ce. Abin da ban auna ba shi ne nisan da bidiyo ke yi idan ya shiga hannun matan da ke ganin tura shi ibada ne.

Gwaggo ta tura shi gurup, kafin kwana uku ya zagaye Bronx da Harlem, ya ƙetara teku ya isa Kumasi, dangin babanta suka yi ta bugo waya suna tambaya ko abin da aka je yi Amurka ke nan. Matan da ke sayen turare a wurin uwarta suka riƙa tsayawa a teburin, ba don su saya ba, don su yi mata jaje da murya mai ƙarfi. Duk wannan a bakin mahaifiyata na ji, muna cin tuwo. Ta ce baiwar Allah tana tsaye a titi cikin sanyi da zafi, ashe 'yarta na can ana ɗaga ta kamar buhu a gaban jama'a. Sannan ta dube ni ta ce ta gode wa Allah da ya ba ta 'ya mai kunya. Na ce amin, na ci gaba da cin tuwona.

Ranar gasar ƙarshe yarinyar ba ta zo ba. Wata yarinya mai siririyar murya aka sa a madadinta, tana waƙa tana rawar jiki. Mu muka yi na ɗaya, ni aka ba kofin gwanar murya, 'yan makarantarsu suka miƙe gaba ɗaya suna tafa mini kamar yadda aka koya musu. Wata daga cikinsu ma ta rungume ni tana hawaye, ta ce da ƙawarsu na nan da ta taya ni murna. A bakinta na ji cewa an cire ƙawar tasu daga makaranta saura wata biyu ta gama, an sa ta a jirgi zuwa wurin kakarta, kuma gwajin da wata kwalejin kiɗa ta kira ta ya wuce. Kofin nan ban iya kai shi gida ba, tunda a gida muhawara nake yi. Na bar shi a kabad ɗin malaminmu, ban ƙara waiwayarsa ba.

Shekara biyar na yi ina gaya wa kaina cewa ba ni na kore ta ba, gwaggo ce, matan gurup ne, iyayenta ne masu tsanani. Na gama jami'a, na fara aiki. Wata rana mahaifiyata ta aike ni titi na 125 in sayo mata man kaɗe, na isa teburin, sai ga 'yar Zangon nan zaune a kujerar uwarta, ta dawo, ta rame, tana ninke mayafai. Na so in wuce, amma na tsaya. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Na fara kame-kame cewa akwai maganar da na daɗe ina son yi mata, ta katse ni ta ce in adana numfashina, ta sani tun ranar farko. Ta ce duk mai ido ya ga daga gefen labule aka ɗauki bidiyon, wurin da iyaye da 'yan kallo ba sa shiga, kuma mutum ɗaya ne a wurin da ya san wace mai kitso ake kai wa irin wannan kaya.

Abin da ta faɗa bayan nan shi ne ya hana ni sukuni har yau. Ta ce ranar da abin ya fashe uwarta ta tsare ta tana kuka, tana roƙonta ta faɗi ko akwai wasu 'ya'yan Musulmi a wannan rawa, ko kunyar ta ragu idan aka raba. Ta ce a lokacin akwai bidiyona a wayarta, ana ɗaga ni sama kamar yadda aka ɗaga ta, domin takan ɗauke ni ta je ta yi nazarin inda nake jan numfashi. Ta goge shi, ta rantse wa uwarta cewa ita kaɗai ce. Ta ce kada in yi zaton so ne, ba ta taɓa sona ba, a dandamali take so ta kayar da ni ba a ɗakin kitso ba, kuma ba ta iya tona asirin wadda ta yi sujada a cikin hijabinta. Na tambaye ta ko tana waƙa har yanzu, ta ce tun daga ranar ko a wurin wanke-wanke ba ta ƙara ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce a gaban mutane aka tozarta ta, don haka ba ta karɓar tuba a raɗa, in je in gaya wa uwata da gwaggo da matan gurup ko ni wace ce, sannan in dawo. Ta ɗaure mini man kaɗen a leda ta juya ga wata mai saye.

Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce maganar nan ta mutu a ɗakin nan, kada babana ya ji, kada kowa ya ji. Na bi umarninta, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin samun umarnin da zan fake da shi. Ga shi yanzu ma ina rubuta muku ina roƙon a sakaya sunana, kun ga ke nan har yau ban cika sharaɗinta ba, kuma ban koma teburin ba.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Na ɗauka kishiyar gasa maƙiyiya ce, ashe ita kaɗai ce a duk garin nan ta san nauyin abin da nake ɗauke da shi, ta kuma riƙe mini shi. Ku 'yan mata masu gasa, ko ta waƙa ce ko ta karatu ko ta musabaƙa, idan an fi ku, ku je ku yi kukanku ku dawo ku ƙara ƙoƙari, kada ku ɗauki abin da ke cikin fili ku kai shi gidan mutum. Ku kuma iyayenmu mata masu tura bidiyon 'ya'yan mutane kuna rubuta Allah ya shirya a ƙasa, wannan ba nasiha ba ce, kun san hanyar gidan uwar yarinya idan gyara kuke so. Ku riƙa tambayar kanku wa ya ɗauka, kuma me ya kai shi wurin. Da mutum ɗaya a cikinku ta yi wannan tambayar, da ni aka kama. Na sayi hijabai da yawa tun daga lokacin, amma ban taɓa iya sayen mai ruwan toka ba.