Abin Da Baƙon Dauro Ya Ci Mana

A ƙauyenmu na gefen Bunkure, kakata Iya Tabawa ba ta barin wutar murhu ta mutu bayan an sauke tuwo. Da an idar da isha'i sai ta ƙara kara a ciki, mu jikokinta mu kewaye ta, muna jiyo kwaɗi daga gonakin shinkafa. "Ga ta nan tafe," take cewa in za ta fara tatsuniya, "ku matsa mata ta zauna." Mu ce mun matsa.

Akwai tatsuniyar da ba ma so, ita kuwa ba ta gajiya da ita. Wai wani baƙo ne mai jajayen idanu ya yi sallama a gidan wani manomi, yana tari. Manomi ya shimfiɗa masa tabarma. Ran farko baƙo ya ci kaza, washegari ya ci akuya. Kafin mako ya zagayo ya share rumbu, ya haɗa har da fartanya. Da zai tafi ya nemi ɗan rakiya, ya kama hannun autan gidan. Har yau ba su dawo ba.

"Iya, me ya sa bai kore shi ba?" na taɓa tambayarta.

"Wanda ya riga ya zauna ba ya koruwa, 'yar nan. A ƙofar gida ake tare shi."

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da na haifi autata, Ummi. Muna zaune a wajen Kura, maigidana yana noman tumatir da rani, ni ina turara wa mutane shinkafa. Ranar da ya kamata in kai Ummi allurar rigakafi ta wata tara, ga shinkafar mutane na jiƙa, in na bar ta za ta yi tsami, asibiti kuma sai an hau babur. Na ce sai mako mai zuwa. Haka na yi ta ɗagawa har wata biyar.

Da zazzaɓi ya kama Ummi, kemis muka je. Ƙyanda ta feso mata ko'ina, wadda a wajenmu ake kira baƙon dauro. Kwana uku numfashinta ya fara sarƙewa, aka kwantar da mu a asibiti. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Yau ƙarin ruwa, gobe allura, ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya. Na sayar da tunkiyata, na bi ta da tukunyar turara. Da abin ya ƙi ƙarewa, maigidana ya ɗauki injin ban ruwa ya kai kasuwa, alhali tumatir ya fara 'ya'ya. Mai saye ya taya rabin kuɗi.

"Haba Alhaji, bara fa na saye shi."

"Kai ke sauri, malam, ba ni ba."

Ya sallama. Tumatirin ya bushe a tsaye. Gonar ma daga baya jinginar da ita muka yi, yanzu ƙwadago yake yi a cikinta, ana biyansa da yamma.

Wata maƙwabciya da ta zo yi mana sannu ta ce, "Ai allurar nan kyauta ce." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa har yau maganar take ci mini rai.

Ina yarinya, wawa na ɗauki manomin nan. Yanzu na san ba wauta ba ce, hannunsa ne a cike da neman abin da za a ci ranar, kamar nawa. Talaka yana tsoron asarar yini guda, sai ya yi ta shekara biyar.

Mu an bar mana autarmu, alhamdu lillahi. Shekararta shida. Amma idonta na hagu ya yi fari, kuma in na kira ta daga wannan ɓangaren, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta gan ni.