Ramlat Bunu da Mai Gadin Shafuka

Da hantsi Ramlat Bunu takan ratso gonakin gero ta iso ofishin ƙungiyar manoma da ke gefen Minjibir. Ta goge farantin sola, ta kori kajin maƙwabta daga baranda, sannan ta kunna kwamfuta ta ga wanda Mai Gadi ya tare jiya. Mai Gadi ba mutum ba ne, manhaja ce da ta ɗora a kan aikinsu. Duk wanda ya gina wa ƙungiyar shafin intanet, kafin shafin ya fita sai Mai Gadi ya bi rubutun da ke bayansa layi-layi. Hoton da ba a rubuta bayaninsa ba, maɓallin da ba shi da suna, rubutu ruwan toka a kan fari wanda idon tsoho ba zai kama ba, duk sai ya kunna ja ya hana wucewa.

Kawunta Baba Kashim ne mafarin abin. Manomin gyaɗa ne da ciwon ido ya tafi da ganinsa, wayarsa ke karanta masa komai da wata murya kamar ta baturiyar da ta koyi Hausa a kasuwa. Wata shekara aka saka sanarwar rabon iri a cikin hoto ba bayani. Kafin ya ji labari an gama rabo, ya shuka tsohon iri, daminar ta wuce shi.

"Ramlat, ke kika gina wannan shafin na ƙungiya?" ya tambaye ta.

"Ni ce, Baba."

"To, wayata ta ce in gaya miki ta ga hoto. Na ce na mene ne, ta ce maɓalli, maɓalli, maɓalli."

Mutanen gida suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Satin bai ƙare ba Mai Gadi ya kama aiki.

Wanda ya fi shan jar fitila shi ne abokin aikinta Basiru, mutum mai gaggawa. "Yaya Ramlat, wannan Mai Gadin naki ko sallama ba ya amsawa," yakan ce. Da ya gaji sai ya gano dabara. Ana gab da babbar Sallah ya gama shafin masu sayar da raguna, ya kwafi bayanin hoton rago ɗaya ya manna a kan duk hotunan taron shekara na ƙungiya. Mai Gadi ya ga rubutu a ko'ina, ya kunna kore.

Bayan la'asar Baba Kashim ya buɗe muryar wayarsa a majalisa don a ji labarin taro. Wayar ta ce: "Shugaban ƙungiya, Alhaji Zubair. Rago mai ƙiba, ƙaho ya nannaɗe, ya isa layya." Ta wuce kan sakatare, shi ma ya isa layya. Limamin da ya buɗe taro da addu'a bai tsira ba.

Alhaji Zubair yana zaune a wurin. Ya ce, "Ƙibar na yarda. Layyar ce ban shirya mata ba."

Washegari ya zo ofis ya ce a cire na'urar nan mai zagin manya. Basiru ya sunkuyar da kai ya ce aikinsa ne. Ramlat ta fuskanci shugaban.

"Alhaji, Mai Gadi yana ganin an rubuta, amma bai san ko gaskiya aka rubuta ba. In ka cire shi, masu larurar ido sun koma jin labari bayan an gama rabo. Ka bar min shi, ka ƙara min da kunnen mutum."

Ya bar mata. Ta koya wa Mai Gadi kama bayanin da aka maimaita, ta kuma sa Baba Kashim da Inna Huseina, wata mai kiwon awaki da ganinta ya raunana, suna sauraron kowane shafi kafin ya fita. Inna Huseina ta fi Mai Gadi tsanani. Shi ja kawai yake kunnawa, ita har gidan iyayen mutum take aika saƙo.

Wannan watan Ramlat za ta koma Kano koyarwa, kuma Basiru ta miƙa wa aikin, wanda yanzu ko hoton buhu ya gani sai ya tambayi abin da ke ciki.

Ramlat, 'yar Bunu mai haƙurin gyara, ke ce kika ƙi yarda a ce makafi kaɗan ne, a bar su sai an samu lokaci. Ke ce kika sha harara da tsaki don ranar allurar dabbobi da farashin taki su isa kunnen wanda ba ya ganin allo. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ɗalibanki su ɗauko halinki.

Ku kuma masu gina shafuka, ku sa wa aikinku mai gadi tun ana gini. In ya kunna kore, ku rufe ido ku bar waya ta karanta muku shafin daga sama har ƙasa. Idan ta kai ƙarshe ba ku ji kunya ba, sai ku sake shi ya fita.