Kyankyason Gidan Meshak Mai Feshi

Duk wanda ya daɗe a Kafanchan ya san Meshak mai feshi. Ko bai san fuskarsa ba, ya san warin maganinsa. Tun muna samari yake yawo da famfo a baya, daga gonakin citta na wajen Kachia zuwa shagunan hatsi na kasuwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma zan iya shaida cewa ko sauro sai ya yi shawara kafin ya tsallaka can. Amma babban abokin gabarsa kyankyaso ne. Ko ana tsakiyar addu'a a majami'a, in ɗaya ya gifta, sai ka ji tas, sannan ka ji amin.

'Yarsa Yemima ta yi karatun injiniya har ƙasar waje, kuma Meshak bai bar kunnen kowa ya huta ba. A zumuntar maza yakan ce ita ce za ta tayar da jiragen da suka kwanta a tashar reluwe. Kaleb, tsohon direban tirela da suke tsokanar juna tun yarinta, yakan ce, "To Baban injiniya, in ta ƙera ko da baro ne, a kawo mu gani." Meshak ya yi alkawari a gaban dattawa cewa zai kawo.

Da ta ce za ta zo Kirsimeti da aikin hannunta, har tsakar gida ya share, ya kawar da turmi don inji ya sami wurin tsayawa. Ina zaune a falonsu ranar. Ta fito da wani ɗan akwati da bai kai na ashana biyu ba, ta ajiye abin ciki a ƙasa, ta taɓa wayarta. Wani abu ja-ja mai ƙafafu ya sheƙa a kan siminti. Kafin ta buɗe baki, silifan Meshak ya sauka a kansa. Abin ya baje, ya sake tashi, ya shige wata tsaga a gindin bango.

Yemima ta yi dariya har da hawaye. Ta ce da roba mai laushi suka yi shi, sun kwaikwayi kyankyaso, domin in gini ya rushe ya kutsa cikin ɓaraguzai ya gano masu sauran numfashi. Ko an taka shi ba ya lalacewa.

Meshak ya daɗe yana kallon silifansa. "Wato abin da na tsufa ina kashewa, shi kika je kika koyo ƙerawa. Kuma wanda ba ya mutuwa."

"Haka ne, Baba."

Batir ɗin abin ya ƙare a cikin bangon. Ta ce a bar shi, tsohon gwaji ne da ta kawo masa tsaraba, ta koma bayan sabuwar shekara. Amma Kaleb yana nan, kuma kowace Lahadi sai ya tambayi lafiyar jirgin.

Meshak ya hana feshi a gidansa, kada magani ya ci robar. Da yake ya san halin kyankyaso, sai ya riƙa zuba ɓarɓashin tuwo a bakin tsagar don ya janyo shi waje. Aka amsa gayyata kuwa, sai dai ba shi ba. Duk kyankyason da ya fito sai Meshak ya kama shi a hankali, ya juya cikinsa ya duba ko akwai waya, sannan ya sake shi.

Matarsa Afiniki ta ce, "Baban Yemima, har na garin Godogodo sun ji labari, sun taho da iyalansu." Wasu sun tsallako gidana. Ban kai ƙara ba, maƙwabtaka ta wuce haka.

A ƙarshe Afiniki ce ta kira Nuru magini ya fasa gindin bangon. Aka sami kyankyason robar cikin ƙura, ƙafafu a sama. Ranar Lahadi bayan sujada Meshak ya tara dattawa a ƙarƙashin mangwaro, ya warware hankicin da ya naɗe abin a ciki.

Kaleb ya sa tabarau, ya sunkuya. "Meshak, mataccen kyankyaso ne. Ai ka daɗe kana nuna mana irinsa."

"Taka shi ka gani."

Kaleb ya taka. Abin ya baje, ya dawo yadda yake, bai motsa ba.

"To, na roba ne," in ji Kaleb. "Jirgin fa?"

Meshak ya naɗe hankicinsa ya sa a aljihu. Yanzu abin yana kan talabijin ɗinsu, an kifa masa kofin gilas. Ya koma feshinsa a gonaki da shaguna kamar da. Sai dai in kyankyaso ya gifta a majami'a, yakan ɗaga silifa, ya tsaya ya ƙura masa ido tukuna. Kafin ya gama dubawa, kyankyason ya shige ƙarƙashin benci.