Sanda ta Bakwai a Kabong

Ko na bar aikin nan ba zan manta da wata Talata a unguwar Kabong ta Jos ba, ƙarshen rani, shekarata ta biyu a kamfanin haƙa burtsatse. Ni ke nuna inda za a haƙa. Wuri biyu na nuna a asibitin haihuwa na Madam Nkechi, duk suka fito busassu. Oga ya ce in na uku ya bushe, in nemi wani aikin.

Ku sababbin ma'aikata ku riƙe wannan. Dutsen Jos narkakke ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama na bin tsagoginsa yana ruɓar da shi, ya koma yashi, rafi ya kwashe, can gaba ya danne ya sake zama dutse. A ruɓaɓɓen nan ruwa ke zama. Shi ya sa kowace sandar ƙarfe ta nutse, muke ɗibar garin da ya fito mu jera tsibi-tsibi.

A sanda ta biyar injin ya canza murya, farar ƙura ta turnuƙe. Malam Sabo mai injin, wanda ya fara haƙa tun ban shiga firamare ba, ya rage wuta.

"An kai uwar dutse, Injiniya. Mu naɗe kaya."

Na tsuguna gaban tsibi na biyar. Cikin farin garin akwai ɓarɓashi masu launin tsatsa, suna murmushewa tsakanin yatsu. Alamar ruwa ya taɓa ratsawa ke nan.

"Baba, curi ne," na ce. "Irin mulmulallun duwatsun kan tsauni, ƙasa ta binne shi. Ƙarƙashinsa ruɓaɓɓe ne."

"Kai da takardarka. In bakin ƙarfe ya karye, kai za ka gaya wa oga."

Madam Nkechi ta matso. "Ɗana, ruwa yana nan ko babu? Mace biyu yana naƙuda a ciki, bokiti ɗaya ya rage."

Na ce wa Malam Sabo a ci gaba, na ɗauki nauyi. Sanda ta shida ta shige, ƙura zalla. Wallahi har na fara shirya abin da zan gaya wa matata.

A rabin ta bakwai ƙarfen ya zurma. Jar laka ta feso, ruwa ya biyo ta.

Ana ta shewa, Malam Sabo kuwa ya tsuguna yana murza garin nan. Can ya ce, a hankali, "Rami nawa na naɗe a kan curi?"

Har da busassun biyun gidan nan, kuma ina tsaye aka naɗe su. Tun ranar, ko wa ya ce an kai uwar dutse, sai na tsuguna na murza da hannuna.