Yadda Na Kushe Ɗan Farina a Gaban Alƙalin Soja

Yanzu na kai shekarun da nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar bango abin da ya kawo ni. Tabarau na kan hancina, ina zagaya gida ina nemansa. Amma akwai rana guda da mantuwa ta ƙi taimakona a kanta, kuma na tabbata har a sa ni a rami tana nan daram: ranar da aka kira ni kotun sojan ruwa in ceci ɗana, na je da babbar rigata na taya masu ƙara aiki.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, kada ku ɗauka wani shehin malami ne ke magana. Lakwal, wato makarantar boko, aji uku na yi a ƙasarmu Nijar, malamin ya gane ni, ni ma na gane shi, muka rabu lafiya. Da rabo ya kawo ni Greensboro a Amurka, sai na samu aikin ɗaga kwali a wani sito da ke kan titin Wendover. Turancina na sito ne: ɗauka, ajiye, yi sauri, sai gobe.

Yaron da nake magana a kansa ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. A inda na taso, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban jama'a, yabo kuwa sai dai ya ji a bakin maƙwabta. In yana kusa ina ce masa "kai", in yana nesa "wancan". Uwarsa kuma "yaron nan". Yana ƙarami muka taho da shi, a nan ya yi makaranta, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da neman tuwo ba.

Da ya gama sakandare, lokacin ana cikin yaƙin Iraƙi, sai ya shiga sojan ruwa. Na ce masa, "Kai, mu da babban ruwan garinmu shi ne kududdufin da jakuna ke sha, me ya haɗa zuriyarmu da teku?" Ya yi dariya ya tafi. Aka kai shi wani sansani a bakin teku a jihar Virginia, tafiyar rabin yini daga nan.

Wata safiya uwarsa ta yanke jiki ta faɗi a kicin. A asibiti likitoci suna ta magana da sauri, ni ban kama komai ba sai kalmar zuciya. Na buga masa waya na ce, "In kana son ka same ta da rai, ka taho." Ya nemi izini, izinin bai fito da wuri ba, shi kuma bai jira ba. Kafin la'asar yana bakin gadonta. Yana nan zaune jirgin ruwansu ya tashi ba shi. Da ta farfaɗo ta fara shan kunu, ya koma da ƙafarsa ya miƙa kansa.

A soja wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Aka ce za a kai shi kotu. Lauyarsa, wata yarinya 'yar siririya da ita ma soja ce, ta yi mana bayani ta waya ta bakin ƙanwarsa. Ta ce ya amsa laifinsa, abin da ya rage shi ne hukunci. Ko dai a hora shi a bar shi a aiki, ko a yi masa korar kare, irin wadda take bin mutum duk inda ya je neman aiki har ya tsufa. Ta ce tana son mahaifinsa ya zo ya gaya wa alƙali halinsa.

Na ce wannan ai aikina ne. Ni da nake raba rigimar ma'aurata a masallacinmu, har ana ce mini in yi a hankali kada in ƙwace wa liman aiki? Ta so mu zauna mu bi tambayoyin tukuna, na ce ba sai an koya wa babba magana ba. Ku riƙe wannan, a nan na fara karkacewa.

Ranar shari'a na sha shadda mai ɗinkin hannu, na kafa hula. Hajiya, uwar yaron, tana takawa a hankali saboda jiki bai gama dawowa ba. Ɗakin kotun ƙarami ne, sanyi kamar firjin kifi. Ga alƙali a sama, ga lauyan gwamnati a gefe da alƙalami, ga wancan a zaune cikin kayan soja, an yi masa aski har kunnuwansa sun ƙara girma. Kotu ta kawo tafinta, wani dattijon Kirista mutumin Jos, Hausa a bakinsa ta fi tawa tsafta. Aka rantsar da shi, aka rantsar da ni.

Lauya ta ce, na san wanda ake tuhuma?

Na ce, "Na san shi."

Mene ne tsakanina da shi?

Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Tafinta ya dube ni. "Baba, ɗanka ne ko ɗan gidanku?"

Na ce, "A gidanmu dai aka haife shi."

Ta ce in faɗi sunansa. Na ce ai yana nan rubuce a takardun da ke gabansu, su da suka yi karatu. Alƙali ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar.

Sai ta zo kan hali. Wane irin yaro ne? Na gyara hannun riga na ce, "To, yana nan dai. Yaran zamani ne." Yana taimakawa a gida? Na ce, "Wane taimako? Ci da barci." Yana jin maganar manya? Na ce, "Wannan? Kunnen ƙashi gare shi tun yana rarrafe."

Tafinta ya sunkuyo, ya rage murya. "Baba, na yi rantsuwa abin da ka faɗa shi zan faɗa. In juya wannan?"

Na ce, "Juya mana, ko Turancin ne ya ƙare maka?"

Ya ce, "Yesu ya taimake mu," ya juya.

Kada ku ce mahaukaci ne. Ni a raina aikin kirki nake yi. A garinmu abin rabo ne: uba ya kushe, jama'a su yaba. In ka ce ɗanka ba ya jin magana, nan take wani zai ce, "Haba Malam, yaron nan? Ai babu kamarsa a unguwa." Wani ya kawo labarin ranar da ya ɗaukar masa kaya, wata ta ce kullum sai ya gaishe ta. Kai kuma ka yi ta girgiza kai kana cewa rufa masa asiri suke yi, zuciyarka fari fat. Yabon da ya fito ta wannan hanya ya fi nauyi, don ba uban ne ya roƙa ba.

To na kushe, na zauna ina jiran jama'a.

Na dubi alƙali, ina jiran ya ce haba Malam. Rubutu yake yi. Na dubi lauyan gwamnati, shi ma rubutu yake yi, har da sauri, kamar wanda aka ba kyauta yana tsoron a karɓe. Lauyarmu ta yi tsaye da takarda a hannu, fuskarta ta koma kalar tumatir. Ta roƙi alƙali a ba da ɗan hutu.

A baranda Hajiya ta jingina da bango ta ce, "Malam, tun daga Greensboro ka taho da wuƙarka?"

Na ce, "Ke ma kin san yadda ake yi."

Ta ce, "Na san yadda ake yi a gida. Ka ga ɗan unguwarmu ko ɗaya a ɗakin nan?"

Sai ga wancan ya fito, da wani soja a bayansa. Na ɗauka zai yi fushi, na ma shirya masa tsawa. Sai ya tsaya a gabana da ladabi, ya haɗa 'yar Hausarsa da ƙyar.

"Baba, ba komai. Ka yi rantsuwa, dole ka faɗi gaskiya."

Na ce, "Wace gaskiya?"

Ya ce, "Yadda kake ganina. Na sani tun da. Ina ta ƙoƙari in gyara, shi ya sa ma na shiga soja."

Jama'a, na taɓa faɗuwa a kan ƙanƙara a gaban sito, wando ya tsage, Turawa na kallo. Wannan ba kunya ba ce, wasa ne. Kunya ita ce ka tsaya cikin shadda, ɗan da kake alfahari da shi a ɓoye ya gaya maka cikin natsuwa cewa duk kushen da ka yi masa tun yana yaro ya ɗauke shi da gaske. Shi bai taso a inda maƙwabta ke mayar da amsa ba. Rabin maganar kawai ya yi ta ji, rabin uba. Ɗaya rabin mun baro shi a gida ba mu sani ba.

Da aka koma, na ce wa tafinta ya yi wa alƙali bayanin al'adarmu. Ya ce, "Baba, ni baki ne kawai. Kai za ka faɗa, in juya." Lauya ta sake tambaya, sunan wanda ake tuhuma. Na dubi Hajiya, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Na yi tari, na nemi gafarar mahaifina a zuci, na faɗe shi. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Na ƙara da cewa ɗana ne, na cikina, na fari.

Daga nan bakin ya ɓalle. Na ce tun yana firamare shi ne bakinmu a asibiti da ofis. Na ce lokacin da bayana ya riƙe, shi yake ɗaura mini takalmi kafin ya tafi makaranta, ban taɓa ce masa sannu ba. Na ce ni na kira shi na ce uwarsa za ta mutu, kuma da bai zo ba da ban san abin da likitoci ke tambayata ba. Na ce a asibiti shi yake ba ta abinci a baki. Tafinta yana juyawa yana share ido, har na ce masa ya bari, ni ne mai kukan.

Lauyan gwamnati ya tashi. Ya ce ɗazu na ce yaron ba ya jin magana, yanzu na ce babu kamarsa. Wanne kotu za ta ɗauka?

Na ce, "Na ɗazu al'ada ce. Na yanzu shi ne rantsuwa."

Alƙali ya cire tabarau ya tuna mini cewa tun na ɗazun ma a kan rantsuwa nake. Na ce ranka ya daɗe, haka ne, a yi mini aikin gafara. Tsofai-tsofai da ni, yaron da na girme shi yana koya mini ma'anar rantsuwa, kuma shi ke da gaskiya.

Hukunci ya fito: an cire masa igiyar muƙami, an ba shi zaman gadurum, wato kurkukun soja, na ɗan lokaci, amma ba a kore shi ba. Har yau ban sani ba ko shaidata ta farko ce ta ci igiyar. Na tambayi lauyar, ta yi murmushi ta canza magana, ni kuwa na san ma'anar wannan ko da wane yare.

Kafin su wuce da shi aka bar mu mu yi sallama. Ya matso ya ce, "Baba, sake faɗa."

Na ce, "Me?"

Ya ce, "Sunan."

Na ce, "Kai, tafi can. Kotu ta tashi."

Ya tafi yana dariya, soja na biye da shi. Ban taɓa ganin wanda za a kulle yana tafiya da sauƙin ƙafa haka ba.

Abin da ranar nan ta koya mini, ni mai aji uku, shi ne al'ada ba ta tafiya ita kaɗai, da mutanenta take aiki. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau a inda unguwa za ta faɗa wa yaro abin da uba ya haɗiye. In ka kawo ɗanka inda babu unguwar, to aikinta ya dawo wuyanka. Ku iyaye da ke nan ƙasar, ku daure ku buɗe baki a falonku, ko da ido a rufe ne. Ni sai da aka rantsar da ni sannan ɗana ya ji, kuma ba kowane uba ne yake samun hutun kotu ya gyara maganarsa ba.